Masu zama Ostireliya ku zo: tafiyar karaban zuwa Uluru, ta ina za mu bi?

Baban Iman: Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan an tashi lafiya. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga dajin ƙasar nan. Ni da abokaina biyu da iyalanmu mun ce hutun makaranta na Yuli bana ba bakin teku za mu ƙare shi ba kamar kullum, so muke mu ɗauki hayar karaban, irin ɗakin nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota, da gado da kicin da ɗan banɗaki a ciki, mu tashi daga Adelaide mu miƙe arewa har dutsen Uluru. Tsarin da muka zana shi ne ranar farko mu kwana Coober Pedy, washegari Uluru, daga nan Kings Canyon, sai Alice Springs, in da hali ma mu leƙa Darwin mu juyo. Hutun mako biyu ne. Waye ya taɓa yi? Me za mu riƙe, ina ake kwana, kuma ya maganar abinci da sallah a hanya?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Wato kuɗi za ku biya ku kwashi mata da yara ku tafi daji ku kwana a mota, da gidanku da komai? Mu nan addu'a muke kada magariba ta same mu a hanya, ku kuma dajin kuke nema da kuɗinku. To Allah ya tsare.

Baban Iman: Hhh amin Hajiya, ai nan dajin babu mai tare hanya sai kangaru.

Injiniya: Kangarun nan da kake raina shi ne babban mai tare hanyar ai. Baban Iman don Allah ka fara goge Darwin daga takardar nan tukunna sai mu yi magana. Adelaide zuwa Darwin kusan kilomita 3,000 ne zuwa kawai, ka ninka biyu, ga karaban a bayanka, a mako biyu, yara za su tsane ka har su girma. Ni aikina a wajen ma'adinai yake can arewacin Port Augusta so hanyar nan ba baƙuwata ba ce, bari in ba ka lissafi. Adelaide zuwa Port Augusta wajen 300, daga nan Stuart Highway ta fara, Port Augusta zuwa Coober Pedy wajen 540, kaga ranar farkon taka kaɗai kusan 850 kenan, kuma mai jan karaban ba ya gudun da ƙaramar mota take yi, in ka samu 90 zuwa 100 ka gode Allah, in iska ta taso ta gabanka kuwa kana kallon allurar mai tana sauka kamar an huda tanki. A Yuli rana tana faɗuwa da wuri, wajen biyar da rabi gari ya fara rufawa, kuma daga la'asar sakaliya dabbobi ke fitowa bakin titi, kangaru da jiminar ƙasar nan da shanu, don wurare da yawa babu shinge, gonakin kiwo ne titin ya ratsa ta tsakiyarsu. Ka raba ranar farkon nan biyu ko ka fasa.

Auta: Yaya Injiniya ai in an tashi da asuba ƙarfe huɗu za a isa kafin magariba fa, ni ina cikin tafiyar kuma zan iya karɓar tuƙi.

Injiniya: Auta asubar ma lokacinsu ne. Kuma ka taɓa jan tirela a bayanka ko sau ɗaya? Ka taɓa yin ribas da ita?

Auta: A'a amma na kalla a YouTube 😅

Maman Sadiq: Innalillahi, Baban Iman kada ka ba yaron nan sitiyari da 'ya'yan mutane a ciki. Na yi aikin jinya a Alice Springs kafin mu dawo kudu, abin da na gani daga hanyar nan yawanci ba gudu ba ne kawai, gajiya ce, titi miƙe sambal babu kwana babu gari, ido ya gaji mutum ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa biyu shikenan. Sannan ku bar ganin sunan hamada ku ɗauka zafi za ku tarar, Yuli tsakiyar hunturu ne, da rana garau da daɗi amma da dare sanyi yana kaiwa sifiri har ƙasa da haka, ka bar ruwa a bokiti a waje ka tashi ka ga samansa ya daskare. Ku riƙi barguna masu nauyi da safa da hular sanyi ta yara. Kuma layin kamfanin waya na Telstra ne ya fi kamawa a garuruwan hanya, tsakanin gari da gari kuwa ba sabis ko ɗigo, ku sauke taswira a waya tun daga gida.

Basakkwace: Salamu alaikum. Baban Iman wanga tsari naka na direban haya ne ba na mai yawon buɗe ido ba, ka yi haƙuri in hwaɗa maka gaskiya. Mu da munka tahi daga Melbon da abokai, abin da ya tsaya muna a rai har yau ba Uluru ba ne, ko da yake dutsen ya kai a gani. Ƙananan garuruwan nan ne da kowa ka wucewa da gudu. Kai musulmi za ka ratsa ƙasar da musulmi sunka buɗe ma hanya da raƙuma, ka wuce ba ka tsaya inda sunka yi sallah ba? In kun kai Port Augusta ku bar Stuart Highway tukun, ku ratse dama ta Quorn da Hawker, ku kwana wajen duwatsun Flinders, ku miƙe Lyndhurst da Farina har Marree. Kwalta ce har can.

Baban Iman: To ranka ya daɗe me ke Marree ɗin? Na ga sunan a taswira amma ɗan ɗigo ne.

Basakkwace: Ɗan ɗigo ne kam, mutanen garin duka ba su cika ɗakin taro guda ba. Amma nan anka gina masallaci na farko a Ostireliya tun ƙarni na 19. Labarin shi ne turawa sun rasa yadda za su kai kaya cikin hamada, doki da sa ba su jure ƙishi, sai anka shiga kawo raƙuma da masu kora su. Ayarin binciken Burke da Wills na 1860 da raƙuma da 'yan mutanen nan ya tashi, sannan a 1866 wani attajiri Thomas Elder ya sauke raƙuma sama da ɗari a Port Augusta da masu kula da su, ya kai su Beltana, wadda ita ma kan hanyar taku take. Ana ce musu Afgan gaba ɗaya amma da yawansu daga Balucistan da Sind da Panjab sunka hito. Su sunka ɗauki kayan aikin wayar tangaraho da anka gama a 1872 daga Adelaide har Darwin, su ka kai gari da shayi da waya ma masu kiwo su ɗauko ulu. Jirgin ƙasan nan The Ghan da kuke gani a talla sunansu ya ci. Masallacin asali ya rushe, wanda ke nan yanzu an sake gina shi ne a kan siffar na da, kuma wallahi in ka tsaya gabanshi sai ka ce masallacin ƙauyenmu ne na bakin kasuwa, katangar laka iya ƙirji, ginshiƙan icce, rufin ciyawa, ƙasa ba siminti. Abokina da munka tahi da shi bai ce komi ba, alwala kawai ya yi da ruwan gora ya shiga. Ku je maƙabartar garin kuma, kashi uku anka raba ta, turawa gefe, musulmi gefe, 'yan asalin ƙasa gefe, ko a kabari ba a haɗa su ba.

Ɗan Damagaram: Ni ina nan Nijar ban taɓa taka Ostireliya ba amma wannan labari ya kama ni. Wato su ma sun yi zamanin ayari irin na Agadas zuwa Bilma da ake ɗauko gishiri da dabino. To ina raƙuman suka tafi, kuma jikokin mutanen suna nan?

Basakkwace: Jikoki suna nan, za ka ji sunaye irin Khan a garuruwan yankin, da yawa sun auri 'yan asalin ƙasa da turawa don dokokin shige da fice na 1901 sun toshe musu kawo iyali. Raƙuma kuwa da mota da jirgi sunka karɓe aikin wajen 1920 zuwa 1930 sai anka sake su cikin daji, sunka yi ta haihuwa, yanzu babu ƙasar da ta kai Ostireliya raƙuman daji a duniya, har harbe su gwamnati ka yi daga jirgi mai saukar ungulu don suna ɓarna wajen ruwa.

Ɗan Damagaram: Harbewa?? Raƙumi? La ilaha illallahu. Ku faɗa musu su turo mana, mu mun san darajarsa.

Injiniya: Malam Basakkwace duk abin da ka faɗa haka yake, ban musa ba, amma ka ɓoye masa rabin zancen. Kwalta ta kai Marree, a nan kuma ta tsaya. Daga Marree in kana son fita Coober Pedy kai tsaye sai ka hau Oodnadatta Track, burji ne da gargada da tsakuwa mai kaifi, wajen kilomita 200 zuwa William Creek sannan wajen 165 zuwa Coober Pedy, in an ɗan yi ruwa rufe hanyar ake yi gaba ɗaya kuma wanda ya bi ta a rufe tara ce. Mafi yawan masu ba da haya sun rubuta a takardarsu ba a sauka daga kwalta, ka sauka inshora ta faɗi, duk abin da ya fashe daga aljihunka. Kenan sai ya dawo baya har Port Augusta, kusan 380 zuwa 380 dawowa, don ganin masallaci ɗaya wanda ma ba na asalin ba ne. In tarihin musulmi yake so ai ga masallacin Adelaide nan a Little Gilbert Street tun 1888, mutanen raƙuman nan ne suka gina shi, bas ɗaya zai hau.

Basakkwace: Injiniya kai komi da kalkuleta kake auna shi. Na Adelaide a birni yake tsakanin benaye, ba ka jin mi mutanen sunka sha. Sai ka tsaya Marree ka duba gabas da yamma ba ka ga icce guda mai inuwa ba sannan za ka gane mi ake nuhi da mutum ya koro raƙumi saba'in nan wurin ya kuma tsai da sallah. Kuma ba masallacin kaɗai ba ne. Farina na nan kahin ka kai, garin da anka kafa da zaton za a yi noman alkama, ruwan sama ya ƙi, kowa ya watse, saura kangaye na dutse, gidan waya da otal duk ba rufi. Lokacin hunturu wasu tsohhi 'yan sa kai ka zuwa suna gyaran kangayen, suna gasa burodi cikin tsohon murhun garin da ke ƙarƙashin ƙasa, kana sauka matakala ƙamshi na tarbonka, ka sayi mai zahi ka hito kana ci cikin iska mai sanyi. Yara za su tuna wannan fiye da awa tara a mota.

Maman Sadiq: Ni dai ina bayan Malam Basakkwace a nan. Yara ba ruwansu da kilomita nawa aka ci, inda aka sauke su suka yi gudu shi suke riƙewa.

Auta: To ni duk wannan tarihi ne, ni dai a kai ni Uluru in hau samansa in ɗau hoto in turo gurup.

Maman Sadiq: Ƙanina ka makara, an rufe hawa tun 26 ga Oktoba 2019. Dutsen na mutanen Anangu ne, 'yan asalin yankin, an mayar musu da shi a 1985, sun daɗe suna roƙon a daina hawa saboda wuri ne mai tsarki a wajensu, ga shi sama da mutum 30 sun rasu a hawan. Abin da ake yi yanzu zagaye shi ake da ƙafa, wajen kilomita 10 ne, a fara da sassafe. Tsayinsa mita 348 kuma daga kusa ba sumul yake ba kamar a hoto, duk ramuka ne da kogo da tsagogi inda ruwa ya yi baƙin layi, akwai zane-zanen mutanen da a wasu kogunan, akwai ɗan tafki a gindinsa da ake kira Mutitjulu. Za ka ga alluna a wasu wurare an ce kada a ɗau hoto nan, don Allah ka kiyaye, ba ado aka kafa su ba. Haka mutanen kansu, kada ka ɗaga waya ka ɗauki kowa ba ka tambaya ba, na yi aiki da su, mutane ne masu kunya da kawaici, ba sa son a ƙura musu ido, kuma abin da aka yi musu a ƙasar nan ba kaɗan ba ne.

Auta: To Anti na ji, amma dutse ne fa kawai, ni ban ga abin tsarki a dutse ba.

Malam Na Masallaci: Auta ba a ce ka yi imani da abin da suka yi imani da shi ba. Gidan mutane ka je, masu gida suka ce kada ka taka nan, sai ka bari, wannan ladabin baƙunta ne kuma addininmu bai hana ba. Baban Iman, kan tambayarka ta sallah, tafiyarku ta wuce nisan kasaru nesa ba kusa ba, a mazhabarmu wajen kilomita 80 ne, so azahar da la'asar da isha raka'a biyu-biyu, kuma kuna iya haɗa azahar da la'asar in tafiya ta matsa. In kun yi niyyar zama kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya sai ku cika. Ruwa in ya yi ƙaranci ku bar shi don sha ku yi taimama, ƙasa mai tsarki dai ba za ku rasa ta a can ba. Alƙibla kuma kada jiki ya ɗauke ku gabas kamar a gida, daga nan yamma ce ta ɗan karkata arewa, a watan Yuli inda kuka ga rana ta faɗi kusan nan ne. In kun daidaita Juma'a ta same ku a Alice Springs akwai masallaci a garin, Afghan Mosque ake ce masa.

Baban Iman: Allah ya saka da alheri Malam. Nama fa? Wani ya ce min a hanya ana sai da naman raƙumi da na kangaru.

Malam Na Masallaci: Raƙumi halal ne amma waye ya yanka? Kangarun kanti kuwa harbinsa ake a daji, ba ka san wanda ya harba ba balle abin da ya ambata. Ku sayi namanku wajen mahautan halal a Adelaide ku daskarar, ya fi muku kwanciyar hankali.

Maman Sadiq: Firjin karaban ƙarami ne fa Malam, ba zai ɗau naman gida uku ba. Matan su zauna kafin tafiya su yi dambun nama mai yawa, su soya miyar tumatir ta ƙafe sosai a zuba a robobi, ga garin kwaki da ƙuli da yaji da shinkafa da taliya da kifin gwangwani, an gama. Coober Pedy da Yulara, garin masaukin baƙi da ke kusa da Uluru, da Alice duk akwai kanti amma tsada, kayan miya daga nesa ake kawo su. Kuma in za ku dawo cikin South Australia daga arewa kada ku shigo da 'ya'yan itace da ɗanyen kayan lambu, saboda ƙudan da ke lalata musu gonaki, akwai kwandunan zubarwa a hanya, wanda aka kama da su tara zai biya.

Hajiya Babba: Yanzu tumatir ma sai an yi masa biza.

Injiniya: 😂 Hajiya har lemo. To tunda na ga an fi ni yawa bari in faɗi abin da zai tsare rai, sauran ku yanke. Na ɗaya motar da za ta ja, ba kowace ba ce, ku duba nauyin da aka rubuta tana iya ja, kuma duk abin ja da ya wuce kilo 750 doka ta ce sai da birkinsa, mai hayar zai nuna muku yadda ake haɗawa, kada ku bar wajen sai kowane direba ya gwada ribas. Kaya masu nauyi a ƙasa a kan taya, in kuka lafta su a baya karaban za ta riƙa kaɗa wutsiya kuma in ta fara ba a taka birki da ƙarfi, sassauta totur ake a hankali. Sannan tirelolin can ba irin na gari ba ne, kai ɗaya yana jan bodi uku har huɗu, tsawonsu ya kai mita 53, in ɗaya ya taho ta gabanka ka riƙe sitiyari da hannu biyu don iskarsa tana tura ka gefe, in yana bayanka kada ka rage gudu kwatsam, ba ya iya tsayawa, ka nemi fili ka fita gaba ɗaya ya wuce. Ku ari rediyon oba-oba ku sa a tasha 40, a nan direbobin ke magana, su da kansu za su ce maka hanya ta buɗe. Mai kuma duk inda kuka ga famfo ku cika ko da rabin tanki ne, daga Glendambo zuwa Coober Pedy wajen 250 ne babu komai. Jarkar ruwa ta daban banda tankin karaban. In mota ta lalace kada kowa ya ce zai taka ya nemo taimako, a zauna wajen mota, ita ake hangowa. Za ku ga wani wuri an faɗaɗa titi an yi masa fenti kamar filin jirgi, to filin jirgin ne, na likitocin sama ne da suke aiki tun 1928, a kan titin suke sauka in an yi hatsari.

Baban Iman: Wannan sai na buga shi a takarda na manna a gilashi. Coober Pedy ɗin fa, kwana ɗaya ya isa?

Basakkwace: Bai isa ba, ku yi biyu. Tun kahin ku shiga gari za ku fara ganin tsibin farar ƙasa dubbai ko ina, ramukan haƙar opal ne, wani dutse mai tsada mai walƙiya, tun 1915 ake haƙa. Zahin bazara ya sa mutane sunka koma zama cikin tudu, gida sukutum da falo da kicin a cikin dutse, daga waje ba ka ganin komi sai ƙohwa da bututun iska sun tsattsaya bisa tudu. Ku bar karaban dare guda ku kama ɗaki na ƙasa. Bangon ja-ja ne da ratsin fari, kana ganin sawun haƙoran injin da ya sare shi, ba taga, in an kashe wuta ko tahin hannunka ba ka gani, kuma ba sanyi ba zahi, ba hita ba esi. Inda munka kwana lema sunka rataya a kife ƙarƙashin bututun iskan don ta tare ƙasar da ka zubowa. Akwai coci na Sabiyawa shi ma a ƙasa, akwai gidan tarihi na Umoona da ake shiga tsohon rami, akwai wurin da anka ware kowa na iya tona tsibin ƙasa ko Allah ya ba shi rabo. Da la'asar ku hita Breakaways, wajen kilomita 30, tuddai masu launi hwari da ja da rawaya, kusa da nan ne shingen karnukan daji ya wuce, wanda tsawonshi ya haura kilomita 5,000. Amma ku riƙe hannun yara, allunan garin da kansu sun ce kada a yi gudu kada a yi tahiya da baya, ramukan ba murhi.

Auta: Kada a yi tafiya da baya kuma? Waye zai yi tafiya da baya?

Maman Sadiq: Mai ɗaukar hoto irinka.

Injiniya: Hanyar Breakaways ɗin ma ba kwalta ba ce, a tambayi mai haya, ko a bi masu kai mutane daga cikin gari. Kuma ruwa a Coober Pedy saye ake, akwai famfon da ake saka kuɗi, ku cika tanki a nan. Baban Iman ga lissafinka in ka bi ta Malam Basakkwace: Adelaide zuwa Marree, dawowa Port Augusta, Coober Pedy, sai wajen 490 zuwa Erldunda inda ake ratsewa hagu, sai wajen 245 zuwa Yulara, sannan gida. Kusan 4,000 kenan ba Alice ba Kings Canyon. A mako biyu zai yiwu ba tare da an wahala ba, amma in ka ƙara waɗancan biyun ka koma gidan jiya. Zaɓi ɗaya, ko Marree ko Alice.

Maman Sadiq: Kai wannan zaɓi da wuya. Alice akwai tsohon gidan tangaraho, akwai makarantar rediyo da ake koyar da yaran daji tun 1951, ga tsagogin duwatsun yamma irin Simpsons Gap da Ormiston, ruwansu sanyi kamar ƙanƙara amma wurin kyau. Sai dai Alice jirgi yana zuwa kullum, ko badi kuna iya tashi ku je ku ɗau mota a can. Marree kuwa in ba yanzu da kuke da karaban ba, ban ga ranar da za ku je ba.

Baban Iman: To na yi waya da sauran biyun yanzu. Darwin ta fita, Alice da Kings Canyon sai wani karon. Za mu kwana Quorn ranar farko, mu yi Flinders, mu je Farina da Marree mu dawo ta kwalta, sannan Coober Pedy kwana biyu, Uluru da duwatsun Kata Tjuta da ke kusa da shi, mu gangaro gida a hankali. Ɗaya abokin nawa bai ji daɗi ba don shi Kings Canyon ya ƙwallafa wa rai, yana cewa an yi mana wa'azi an canza mana hanya, amma matarsa ta goyi bayanmu so magana ta ƙare. Gobe zan kira masu haya in ji maganar Breakaways da motar ja.

Injiniya: Ka kama wajen kwana a Yulara yau ba gobe ba, hutun makaranta ne ga tsofaffin turawan nan masu ritaya duk sun kwararo arewa da karabansu gudun sanyi, wajen da ke da wutar lantarki shi ke fara ƙarewa, kuma ba a yarda a kwana cikin gandun dutsen ba. Tikitin shiga ma ta intanet ake saye.

Basakkwace: Ka duba ranakun masu burodin Farina kuma, ba duk hunturu suke nan ba. In kun kai Marree ku yi ma mutanen maƙabartar nan addu'a, ba su cika samun mai yi musu ba.

Hajiya Babba: To tunda kun nace. Baban Iman in yaran sun tono dutsen nan mai walƙiya nawa ne, na riga kowa faɗa. Kuma kada a ba Auta tuƙi.

Auta: Hajiya har ke 😭 to ribas ɗin fa in na koya kafin Yuli?

Injiniya: Ka zo ranar Asabar da safe akwai tirelar kwasar shara a gidana, in ka shigar da ita gareji ba ka taɓa katanga ba sai a duba maganarka.